Ƙurar da Aka Hana Yaya Sharewa

Yayata ta yi shekara talatin da ɗaya tana share asibiti. Ba ta taɓa yi wa kowa allura ba, ba ta taɓa rubuta magani ba, amma in ka tambaye ta aikinta sai ta ce maka, ba da wasa ba, ita take riga likita ganin cuta. "Shi sai ta hau jikin mutum yake ganinta," in ji ta. "Ni tun tana ƙarƙashin gado."

Tana da tsarin da ba ta saɓa masa. Kafin tsintsiya ta taɓa ƙasa sai ta tsoma yatsu huɗu a bokiti ta yayyafa ruwa, don kada ƙura ta tashi ta shiga hancin majinyaci. Daga kusurwar da ta fi nisa take farawa, tana ja da baya har bakin ƙofa. Ruwa uku take yi wa kowane ɗaki: na farko na datti, na biyu na sabulu, na uku kuma na kunya, wai ko baƙo zai shigo. Da ta yi ritaya an ba ta agogon bango da takardar yabo. Hannunta ne kaɗai aka manta ba a sanar da shi aiki ya ƙare ba. Har yau in tana hira da kai, za ka ga yatsanta yana bin gefen tebur, ta ɗaga ta duba, ba ta ma san ta yi ba.

Mijinta direba ne, kuma Direba kowa ke ce masa, har da ita in ya ba ta haushi. Ya daɗe yana jan babbar mota, daga baya ya sayi ƙarama yana haya a cikin gari. Filin da suka samu tsukukku ne, shi ya sa ya gina gidan a tsaye: a ƙasa garejin mota da kicin da banɗaki da ɗan tsakar gida, a sama ɗaki biyu, a tsakani matakala goma sha bakwai. Ana cikin ginin na ce masa, "Wannan matakalar wa zai hau maka ita in ka tsufa?"

Ya ce, "Kai da ko keke ba ka da shi, me ka sani a kan hawa?"

Haka muke da shi. Ƙanin mata ba ya kayar da mijin yayarsa a magana, sai dai ya rama a kan abincin gidansa.

Garejin nan shi ne masarautarsa. Tun ranar da suka tare ya ja wa Yaya layi da tsinin takalminsa a bakin ƙaramar ƙofar da ke buɗewa tsakar gida, ya ce, "Tsintsiyarki iyakarta nan." Ya san in ta shiga, duk wani noti da ya ajiye don wata rana zai tsinci kansa a bola. Makullin a aljihunsa yake kwana. Ta yi mita ta gaji, ta bar masa.

Hayaƙin da ya shaƙa a hanya da wanda ya riƙa saye da kansa a kwali suka taru suka zauna masa a ƙirji. Aka sayar da motar, garejin ya shekara biyu a kulle. Wata safiya yana hawa sama ya tsaya a matakala ta tara, ya kasa gaba ya kasa baya, yana buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Daga nan aka wuce da shi asibiti. Da aka sallame shi ba gida aka dawo da shi ba, gidan 'yarsu aka kai shi, wadda muke kira Nas saboda aikinta, tafiyar awa biyu daga nan. Likita ya yanke hukunci: ba hawa bene, ba hayaƙi, ba ƙura, ba ɗakin da aka yi wa feshin maganin ƙwari.

Ana haka aka yi wa Nas canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, tafiyar wuni guda. Ta kira uwarta ta faɗa mata ba kwana-kwana. "Mama, nan da kwana arba'in da biyar za mu tashi. In akwai ɗaki a ƙasa da Baba zai iya numfashi a ciki, zan dawo miki da shi. In babu, da shi zan tafi."

Duk mun san abin da wannan ke nufi. Ƙirjin da ya yi wuni guda a mota zuwa can ba zai sake yin wani wunin ya dawo ba. Ɗaki kuwa a ƙasa babu wani sai garejin.

Ni na fasa kwaɗon, don makullin yana can aljihun mai shi. Tsofaffin tayoyi ne jibge, da buhuna, da gwangwanayen noti, da wata yagaggiyar kujerar mota da kyanwa ta haihu a kai ta shayar da 'ya'yanta ta yi gaba. Kyanwar ta tafi amma ta bar mana tsaraba. Yaya ba ta yi minti guda a ciki ba ta dubi ƙafafunta, sai ga su baƙi ƙirin da ƙuma kamar an barbaɗa masoro, masoron da ke tsalle. Na ɗaga wata taya, kyankyasai suka watse ta ko'ina.

Ta tsaya riƙe da ƙugu. "Shekara talatin ina kwana a saman wannan," ta ce a hankali. "Ni."

Muka kwashe komai. Magini ya zo ya fasa taga. Yaya ta yi wa ɗakin ruwa uku, washegari ta sake, wanshekare ta ƙara. Duk a banza. Daɓen simintin ya tsattsage, kuma ƙumar a cikin tsagogin take da gida da 'ya'ya da jikoki. Ta wanke da safe, kafin azahar sun fito suna mata sannu da aiki. Ta ce za ta sayo maganin feshi ta yi sau ɗaya tak, ta buɗe taga ya fita. Nas ta ce in ta ji ko burbushin warinsa a bango, magana ta ƙare.

Wannan ne ya kai mu shagon Mai Iri, wani siririn mutum mai tabarau da ke sayar da irin shuka da kayan lambu a bakin kasuwa. Ya saurare mu, ya shiga ciki ya fito da leda cike da wani farin gari mai laushi. Ya ce garin diyatom ake ce masa.

"Guba ce?" in ji Yaya.

"Ba guba ba ce, Mama. Ƙasa ce."

"Ƙasa zan saya? Ni da na ƙare rayuwata ina fitar da ita waje?"

Ya yi dariya, ya murza kaɗan a yatsunsa. Ya ce wasu ƙananan halittu ne na cikin ruwa, ido ba ya ganinsu, da suka mutu tun zamanin da ba a san lissafinsa ba, ɓawonsu ya kwanta a ƙasan tafkuna har ya zama dutse mai taushi, shi ake haƙowa a niƙa. A hannun mutum kamar gari yake. A jikin ƙwaro kuwa kamar fasasshen gilashi ne: yana kankare maiƙon da ke riƙe masa ruwan jiki, sai ya bushe ya mutu. Ba ya wari, ba ya shiga bango.

"Amma yana da sharuɗɗa," ya ce, yana lissafawa. "Ki rufe hanci in za ki zuba. Ki zuba shi siriri. Kada ruwa ya taɓa shi. Ki bar shi ya kwanta aƙalla mako biyu, uku ma ya fi, don ba ya kashe ƙwai, sai sun ƙyanƙyashe sun taka shi. Kuma tunda mai ciwon ƙirji ne zai shiga, kafin ya zo ki goge shi tas da jiƙaƙƙen tsumma, kada ki bar ko ƙwaya."

"Wannan na ƙarshen ba sai ka koya mini ba," in ji Yaya.

Ina jin shi kaɗai ne ma ya shiga kunnenta da kyau.

A ilimin Yaya, abin da ke kashe cuta ba ya yin yawa. Sabulu in ka ƙara, tsabta ce ta ƙaru. Don haka ta ɗaura ɗankwali a hanci ta juye ledar gaba ɗaya a gindin bango, tudu-tudu kamar kunyar dankali. Aka jira mako guda. Nas ta koya mana yadda ake gwadawa: a sa doguwar farar safa, a zagaya ɗakin a hankali, a tsaya na ɗan lokaci, sannan a duba ƙumar da ta hau. Ni aka sa wa safar, don an ce ƙafata ba ta da wani aiki. Na ƙirga ashirin da wani abu na daina, saboda sun fara wuce safar.

Muka koma wurin Mai Iri. Yaya ta dire masa ledar da babu komai a ciki. "Ƙasarka ba ta aiki."

Ya tambayi yadda ta zuba, ta nuna masa tsayin tudun da tafin hannu. Ya cire tabaransa ya goge.

"Mama, in kina tafiya kika tarar da tarin yashi a hanya, hawa kike yi ko zagayewa?"

"Ni mahaukaciya ce da zan hau?"

"To su ma ba mahaukata ba ne."

Ya ba mu wata ledar, da gorar roba da ya huhhuda murfinta da allura, da ƙaramin buroshin fenti na tura garin cikin tsaga. Ya ce a bushe shi a ƙasa siriri, yadda in ka kalla za ka yi shakkar ko akwai ko babu.

Haka muka yi, ni da ita, hanci a ɗaure. Da muka gama daɓen ya yi fari-fari, irin na ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa kamar wadda aka sa ta zagi uwarta.

"Da hannuna," ta ce. "Na sayi ƙura, na shimfiɗa ta a ɗakin majinyaci."

Bayan mako guda na dawo da safata. Goma sha takwas. Ina sunkuye ina tsince su sai na lura garin ya dunƙule wuri-wuri, ya yi ƙananan ramuka irin waɗanda yayyafin farko ke bari a kan rairayi. A jere suke, huɗu-huɗu.

"Yaya, kin share?"

"Ban share ba. Sai na rantse maka?"

"To wa ya yayyafa ruwa?"

Ta buɗe baki za ta musa, sai ta dubi hannunta na dama. Ta daɗe tana kallonsa. Ashe kullum da safe takan leƙo don ta ga yadda ake ciki, bokiti a hannu tunda daga wanke-wanke take. Ta buɗe ƙofa, iska ta ɗaga garin kaɗan, hasken taga ya nuna mata shi yana yawo. Sauran aikin yatsun ne suka yi.

"Ƙurar tashi take yi, Auta," ta ce cikin haushi. Ni ne autan gidanmu, kuma furfurata ba ta sa ta canza mini suna ba. "Ina gani da idona tana tashi. In tsaya ina kallo? Abin da na yi shekara talatin da ɗaya ina hanawa ke nan. Yanzu wani mai sayar da irin tumatir ya ce mini shi ne magani."

Ba ta yi ƙarya ba. Abin da ta sani daidai ne a kowane ɗaki na duniya, ban da wannan, na tsawon mako uku.

Da la'asar Direba ya kira. Maganarsa ta koma gutsure-gutsure, yana hutawa a tsakanin kalmomi kamar mai hawa tudu da kaya.

"An fara... ɗaure kaya," ya ce. "Jakata... an ajiye ta... kusa da tukwane." Ya yi tari. "Ba ni... wannan maras keken."

Na karɓa.

"Ka kulle... ka riƙe makullin," ya ce. "Na san... matata."

Na sayi sabon kwaɗo. Muka kankare garin da ya dunƙule, muka bari daɓen ya bushe, muka sake busa sabo. Na kulle, na jefa makullin a aljihu, na tafi gidana. Saura kwana ashirin da biyar.

Kwana biyar na ba shi kafin na dawo. Ina buɗewa sanyin laima ya tare ni. Duk gefen bangon hagu, inda tsagogin suka fi yawa, garin ya zama kamar jiƙaƙƙen alli. Na juyo na kalle ta.

"Kada ka kalle ni," ta ce. "Ko inuwata ba ta shiga ba."

Ba ta shiga ba kuwa. Ruwanta ne ya shiga. Lokacin da Direba ya yi gini, ta cikin garejin ya bi da 'yar kwatar tsakar gida, a gindin bango, don ruwan wankin mota da na gida su fita titi ta hanya ɗaya. Kwatar ta tsage tuntuni. Yaya kuwa kullum da safe sai ta wanke tsakar gida da bokiti uku, kuma tunda aka hana ta garejin ta mayar da su biyar don ta huce. Duk ruwan nan ta ƙarƙashin ƙofa yake bi, yana jiƙa mana magani yana shayar da abokan gaba.

Muka sake kankarewa, muka busa sabon gari. Na nemi magini ya juya kwatar ta bayan banɗaki. Ya ce jibi. Wanda ya san jibin magini ya san ba a kalanda take ba. Na ce wa Yaya ta riƙa share tsakar gidan a bushe kawai, ba wanki.

"A bushe?" ta ce. "Na san kaina. Yatsa ɗaya zan tsoma, kafin in farga na juye bokiti."

Ta shiga kicin ta fito da tsintsiyoyinta uku, ta laushi da ta kwakwa da doguwar ta yanar gizo, da bokitin ƙarfe da tsummokaranta a ninke. Ta ɗaure su wuri guda ta miƙo mini, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

"Tafi da su. In suna gidan nan ban amince da kaina ba."

Na ratsa unguwa da tsintsiyoyi a kafaɗa, mutane na tambayata ko sabuwar sana'a na samu.

Kwana goma sha takwas suka biyo baya, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu nauyinsu ba. Bishiyar maƙwabta ta riƙa zubo ganye ta kan katanga. Kurciyoyi suka gane an yi sulhu, suka mayar da igiyar shanya wurin zamansu da abin da ke biyo bayan zama. Iska ta kawo leda ta maƙale a gindin matakala, ta kwana, ta wuni, ta zama 'yar gida. Yaya tana wanke kwanoninta a banɗaki, inda ruwan ke da tasa hanyar, ta fito ta tsallake ganye kamar mai tsallake kabari. Maƙwabciyarta ta shigo aron turmi, ta dubi ƙasa, ta dubi Yaya, ta ce cikin tausayi, "Jikin ne?" Yaya ta ce lafiyarta ƙalau. Matar ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Kusan kullum nakan same ta zaune a matakala ta tara, hannuwanta biyu a matse tsakanin gwiwoyi kamar masu laifin da aka kama. A nan ta ba ni labarin da na sha ji, amma ban taɓa jin sa da wannan muryar ba. Tana sabuwar ma'aikaciya, ta gama wanke barandar asibiti ke nan, sai ga wani dogon saurayi ya shigo a guje ɗauke da abokin aikinsa da ƙofar mota ta datse wa hannu, takalminsa duk taɓo. Ta bari ya miƙa majinyacin, sannan ta tare shi ta nuna masa sawunsa tun daga ƙofa, ta ba shi tsumma. Ya durƙusa ya goge. Bayan kwana uku ya dawo duba abokin, takalminsa a hannu.

"Mutumin da ya cire mini takalmi," ta ce, "yau shi nake tara wa shara."

Rana ta goma sha biyu na shiga da safa: uku. Ta goma sha shida: ɗaya. Na nuna mata a kan farcena, ta ƙura mata ido.

"Ɗaya ai uwa ce," ta ce. "Kulle."

Nas ta zo ana saura kwana biyu su tashi, ita kaɗai, ba ta sanar ba. Ina gidan. Ta yi sallama ta turo ƙofa, sai ta tsaya cak. Idonta ya bi ganyen, ya bi kashin kurciya, ya bi ledar, ya hau kan uwarta da ke zaune a matakala ta rame. Wannan yarinya a gidan da ake iya cin abinci a kan daɓensa ta girma. Na ga fuskarta ta sauya zuwa irin wadda take yi wa 'yan'uwan majinyaci.

"Mama, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Tun yaushe kika kasa? Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Ta juyo kaina. "Kawu, kana gani ka yi shiru?"

Na fara bayanin kwata da laima, ta katse ni.

"Kai kullum kana bayanta. Matar da ba ta iya ɗaga tsintsiya ita za ta ɗaga Baba in ya faɗi? Mama, ki haɗa kayanki ke ma. A rufe gidan, in kula da ku gaba ɗaya."

Na zaci Yaya za ta yi faɗa. Sai ta miƙe a hankali, ta sauko matakalar ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a gaban 'yarta.

"Kin zo da safa?"

"Mama, ba maganar safa..."

"'Yar nan, kin zo da safa ko in ara miki ta kawunki?"

Ta zo da ita, fara sol, irin ta aiki. Na buɗe kwaɗon. Nas ta ɗaura takunkumi ta shiga, ta bi gindin bango, ta tsaya a kan tsagar da ta fi girma, ta je kusurwa ta tsaya, tana duba agogon hannunta. Minti goma cur. Ta fito hasken rana ta ɗora ƙafa a kan matakala, ta juya ta gaba da baya, ta duba ɗayar. Babu komai sai farin gari a tafin safar. A gindin bango kuwa kyankyasai ne kwance a bushe, ƙafafu sama.

"Ƙwarin sun mutu," ta ce. "Amma wannan ƙurar fa? Baba ba zai yi minti biyar a nan ba."

Yaya ta juyo ta kalle ni. Rabon da in ga wannan hasken a idonta tun kafin a kai Direba asibiti.

"Auta, kawo mini kayana."

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar.

Ta ɗaure hanci, ta ɗaure ƙugu, ta tsoma yatsu huɗu a bokiti. Ruwan ya sauka a kan garin da wani ɗan sauti kamar ajiyar zuciya. Ba ta sa tsintsiya ba. Da jiƙaƙƙen tsumma ta bi shi, a durƙushe, daga kusurwar da ta fi nisa, tana naɗe ƙurar a cikin tsumman tana matsewa a bokiti, ina zubarwa ina kawo sabo. Ta bi kowace tsaga da tsohon buroshin haƙori. Ta goge bango iya tsawon hannunta, ta hau kujera ta goge sauran, ta goge saman ƙofa da ƙarafan taga da bayan makunnin fitila, wuraren da ba wanda zai duba sai ita da Allah. Ruwan farko ya fito kamar nono. Na uku ya yi shuɗi-shuɗi. Ba ta tsaya a uku ba ranar, sai da ta yi shida, har ruwan ya fito kana ganin gindin bokiti. Daga nan ta fito tsakar gida, kurciyoyi suka gane sulhu ya ƙare.

Nas tana tsaye tun azahar har rana ta yi sanyi. Sau biyu ta miƙa hannu za ta karɓi tsumma, uwar ta ce mata ta matsa tana tare haske. Da aka gama ta shiga garejin ita kaɗai. Ta ƙofa nake hango ta. Ta zagaya, ta shaƙi iska, sannan ta kai yatsa ta bi gefen taga, ta ɗaga ta duba. Ita ma ba ta san ta yi ba.

Ta fito ta ce, "Ina gidan maginin nan?"

Abin da na yi mako uku ina roƙo, ita a cikin rabin awa ta taso shi a gaba da cokalinsa. Ya liƙe tsagogin, ya toshe tsohuwar kwatar, ya fitar da sabuwa ta bayan banɗaki, yana ta cewa ai dama yau ya yi niyyar zuwa. Nas ta roƙi a ɗaga mata tafiyarta da kwana uku don simintin ya bushe sosai.

Ran da aka kawo Direba, ya fito daga mota da ƙyar, yana dafe da kafaɗata. Ya tsaya a bakin ƙaramar ƙofar yana kallon gadonsa da aka sauko da shi, da labule a taga, da agogon ritayar Yaya a bango.

"Ina... tayoyina?" ya ce.

"Suna inda ya kamata su kasance tun shekara talatin," in ji ta.

Ya dubi ƙasa, daidai inda ya taɓa jan layi. Ya ɗaga ƙafa kamar zai sake ja, sai ya fasa. Ya dafa ni da kyau, ya zame takalminsa ɗaya bayan ɗaya, ya shiga.

Mai Iri ya ce kyanwa ba ta manta inda ta haihu, don haka a bar ɗan siririn layin garin a waje, ta gefen titi, a gindin bangon da rufi ya kare daga ruwan sama, nesa da tagar majinyaci. Ni nake sabunta shi duk wata. Kullum da safe Yaya tana share ƙofar gida, ta yayyafa ruwa ko'ina, in ta iso wurin sai ta dunƙule hannun dama ta kai shi bayanta. Ta zagaye layin da bakin tsintsiya, tana ƙunƙuni, kamar mai wuce maƙwabcin da ya taɓa yi mata rana amma har yau ba ta son ganinsa.